Ciyawar Don Anselmo da Tsakuwar Surukinsa

A gabashin Las Vegas, can inda ba ka jin hayaniyar gidajen caca sai dai ka hango dogayen benayensu, duk wanda ya daɗe a unguwa ya san Don Anselmo Barraza. "Don" ɗin nan laƙabin girmamawa ne a wajen mutanensu, kamar a ce Malam. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, kullum da malafar da gumi ya yi wa zobe, yana tuƙa farar a-kori-kura mai jan tirela cike da injinan yankan ciyawa. Shekara arba'in da bakwai ya yi yana yanke wa mutane ciyawar ƙofar gida. Goma sha biyar na ƙarshe kuwa ya yi su ne yana gaba da ƙanin matarsa, Heriberto Lugo, wanda kowa ke kira Beto.

Anselmo ɗan wani ƙauye ne a jihar Durango ta ƙasar Mexico. Ubansa manomin masara da wake ne, a gonar da ba ta da rijiya sai abin da sama ta ba ta. Yana da shekara goma sha tara aka yi damina uku a jere ruwa bai kankama ba. Masara ta kai gwiwa ta bushe a tsaye, aka sayar da shanu biyun da ake huɗa da su. Sai ya bi wani ɗan ƙauyensu suka haura arewa, ya fara da wankin kwanuka a wani otal.

Wata Asabar da ba ya aiki, wani mai yankan ciyawa ya ɗauke shi ya taya shi na yini ɗaya. Da sassafe suka shiga wata unguwar masu hali, sai ya ga famfunan feshi sun taso daga ƙasa gida-gida suna watsa ruwa a kan ciyawar da ba mai ci, ba mutum ba dabba. Ya sha faɗa mana cewa haushi ne ya fara kama shi, don ruwan da ya ga yana malala a gefen titi a safiyar nan kaɗai ya isa ya ceci gonar ubansa. Amma kafin la'asar ya cire takalmi ya taka ciyawar da tafin ƙafarsa. Bai sake komawa wankin kwanuka ba.

Ya iya sana'ar ƙwarai. Ya san ciyawar zafi daban, ta sanyi daban, ya san ranar da za a aske ta farko ƙasa-ƙasa a watan Oktoba a watsa irin ta biyu a rufe da taki. Daga cikin mota yake duban ciyawa ya ce maka ƙishi take ji ko tsutsa ce ke cin saiwarta. A hankali ya tara gida sittin da biyu. Ya auri Ofelia, wadda ke gyaran ɗakuna a otal, suka haifi 'ya'ya uku, suka sayi gida. A ƙofar gidan nan ya shimfiɗa ciyawar da babu irinta a layin, hagu da dama na 'yar hanyar simintin da ke kaiwa bakin ƙofa, da bishiyar rumman a gefen hagu. Ko 'ya'yansa ba ya bari su buga ƙwallo a kanta.

Beto ya zo daga Durango yana da shekara ashirin da huɗu. Wata takwas ya yi yana kwana a falon Anselmo, shekara tara kuma yana tura masa inji. Mutum ne mai zaƙin baki, ya koyi Turanci cikin sauri, shi ke hira da masu gidaje yayin da Anselmo ke ɗaga musu hula kawai. Gaskiya ita ce Anselmo ba mai daɗin yi wa aiki ba ne. Bai taɓa ce wa Beto sannu da aiki ba. Duk shekara yana cewa zai sayi mota ta biyu ya raba masa gidaje, duk shekara kuma sai ya ce ba a kai lokaci ba.

Ana nan fari ya tsananta. Tafkin da garin ke sha ya ja baya har duwatsun gefensa suka yi farin zane mai tsayin bene. Hukumar ruwa ta raba wa kowace unguwa ranakun ban ruwa, ta zuba motoci suna zagayawa suna neman masu ɓarna. Sannan ta fito da sabon tsari: duk wanda ya tone ciyawarsa ya sa tsakuwa da tsirran hamada masu shan ruwa ɗigo-ɗigo, za a auna filin a biya shi tukuici a kan kowace ƙafa ta awo.

Beto ne ya kawo takardar wata rana suna cin abinci a inuwar mota.

"Suruki, ka ga wannan kuwa? Biyan mutane za a yi su cire ciyawa."

Anselmo ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya goge hannunsa mai maiƙo da ita.

"Wa zai yarda ya zauna cikin tsakuwa kamar ƙadangare?"

"Wanda takardar kuɗin ruwa ta ƙona wa hannu. Mu shiga tun da wuri. Mu muka san inda kowane bututu yake a gidajen nan, ba wanda zai iya aikin kamar mu."

"Wato in kashe abin da na rena da hannuna. Gama cin abincinka, akwai gida biyar a gabanmu."

A watan Fabrairun shekarar da ta biyo aka yi wa Anselmo aiki a gwiwar dama, likita ya ce sai ya kwanta mako bakwai. Ya miƙa wa Beto mabuɗan mota da littafin adireshin gidajen, ya ce ya riƙe masa amana. Kullum da yamma Beto yana biyowa ya gaishe shi, ya ce komai lafiya.

Ranar Alhamis ɗin da ya fara fita, yana dogara sanda, ya tuƙa zuwa layin da ya fi so. Da ya sha kwana sai ya ɗauka ya ɓata hanya. Gidan likitan haƙori, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana kula da ciyawarsa, ya koma jar tsakuwa da wasu 'yan tsirrai masu ƙaya kamar an jefar da su. Gidan da ke kusa ma haka. A bakin kowanne an kafa ƙaramin allo: Lugo, Gyaran Lambun Hamada, da lambar waya. Anselmo ya yini yana bin littafinsa layi-layi. Gida goma sha huɗu an gama, tara kuma an fesa musu magani, ciyawar ta yi rawaya tana jiran tona.

Ya jira ranar Lahadi. Bayan an taso daga coci Beto ya zo cin abinci kamar kullum, Ofelia ta zuba farfesun tumbi. Anselmo ya bari sai da Beto ya kai cokali baki.

"Ajiye cokalina."

Beto ya ajiye a hankali. "To ka gani ke nan."

"Na gani. Na ga sunanka a ƙofar gidajena."

"Ba gidajenka ba ne, suruki, gidajen masu su ne. Su suka tambaye ni, ni kuma ban yi musu ƙarya ba. Ba ni na shanye tafkin nan ba. In ban yi ba wani zai zo ya yi."

"Da wani ne ya yi da ban damu ba. Wani bai kwana a falona wata takwas ba. Wani bai zo nan kullum ya dubi idona ya ce komai lafiya ba."

"Shekara tara ina bin bayanka kamar jela," in ji Beto, murya ta fara tashi. "Ina motar da ka ce? Ina da mata da 'ya, har yaushe zan zauna ina shaƙar hayaƙin injinka? Na kawo maka maganar tun farko, ka goge hannu da ita."

Anselmo ya juya ga matarsa. "Ke kin sani?"

Ofelia ba ta ɗauke ido ba. "Na sani. Kana kwance ko ban ɗaki ba ka iya zuwa da kanka, me zan gaya maka?"

Ya ɗauki kwanon Beto ya kai bakin ƙofa ya zubar a kwata, ya riƙe ƙofar a buɗe har Beto ya fita. Wannan ne ƙarshen shigar Beto gidan.

Daga nan aka shiga shekarun gaba. A coci Anselmo ya koma zama a layin dama saboda Beto yana hagu. Da Kirsimeti Ofelia takan dafa tukunya biyu ta tamale, irin alalar masarar da suke yi, ɗaya ta ci da mijinta, ɗaya ta ɗauka ta kai gidan ƙaninta. Anselmo ya daina kiran sunan Beto, sai dai ya ce "mai maƙabarta", wai ƙofar gidan duk da ya taɓa sai ta koma kamar kushewa. Da labari ya kai wa Beto, shi kuma ya laƙaba masa "wanzamin ciyawa", sunan ya bi shi har wurin sayen taki. In motocinsu suka haɗu a danja, kowa sai ya ɗaga gilashi ya ƙura wa gabansa ido.

Hukuma ta ƙara tukuicin, mutane suka yi ta cirewa. Beto ya sayi mota ta biyu, ta uku, ya ɗauki ma'aikata, ya koma unguwa mai ƙofar ƙarfe. Gidajen Anselmo suka sauko talatin da biyar, suka sauko ashirin da biyar. Wata safiya kan famfon feshi ɗaya ya fashe a gidansa, ruwa ya gangara titi, kafin ƙarfe tara motar hukuma ta tsaya an ɗauki hoto an maƙala masa takardar gargaɗi a ƙofa. Ba wanda ya san ko ƙara aka kai ko motar wucewa take yi. Anselmo dai ya rantse aikin mai maƙabarta ne, kuma har yau a kan haka yake.

A cikin gidajen da suka rage masa akwai na Misis Verna Hallstrom, wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Shekara ashirin da biyu yana yi mata aiki, duk Talata tana ajiye masa kofin lemo mai ƙanƙara a kan dakali. A tsakiyar ciyawarta akwai wata ƙatuwar bishiyar fresno da mijin ya dasa shekarar da aka haifi ɗansu, inuwarta ta rufe rabin rufin gidan. Ɗan, wanda ke zaune a Denver, shi ya matsa mata ta cire ciyawar, shi kuma ya samo lambar Beto.

Da ta gaya masa, tana ta ba shi haƙuri, Anselmo bai yi fushi da ita ba. Ya tattara ɗan Turancinsa ya ce mata, "Misis, bishiyar nan ruwan ciyawa take sha. Saiwarta ta kai har bakin titi. In aka cire ciyawa ba a ja mata ruwa ko'ina ba, mutuwa za ta yi." Ta ce za ta gaya musu.

Ranar da ake aikin ya biyo ta layin da gangan. Ya ga an kankare ƙasa da babban inji an tsittsinke saiwoyi, an kuma ajiye 'yan bakunan ɗigo guda uku a gindin bishiyar. Ya tsayar da mota. Shekara shida ke nan bai yi wa Beto magana ba.

"Kai, mai maƙabarta. Bishiya mai shekara hamsin za ka shayar da ɗigon da ba zai ishi barkono a tukunya ba?"

Ma'aikatan suka dakata. Beto ya zare tabarau yana murmushi.

"Don Anselmo, ashe kana nan da rai. Ba sauran kan da za a aske ne yau?"

"A can gefen inuwa take sha, ba a gindi ba. Na koya maka wannan."

"Abin da ka koya mini shi ne yadda ake tsufa da mota ɗaya. Matsa mana, tifa na zuwa."

Zafin farko bishiyar ta jure. A na biyu ganyen saman ya ƙone tun watan Yuni, rassa suka bi bushewa daga sama zuwa ƙasa, ɓawon ya tsattsage. A watan Satumba Misis Hallstrom ta kira Anselmo a waya, ta ce ana tsoron kada iska ta kayar da ita a kan rufi, kuma ba ta son kowa ya sare ta sai shi. Ya yi yinin Juma'a guda yana sara da zarton inji. Tsohuwar ta zauna a bayan taga tana kallo, da aka zo kan gangar jikin sai ta ja labule. Ya loda gungumomin a tirela har tayoyi suka lotsa, ya ƙi karɓar ko sisi.

Washegari Asabar ce ranar bikin cikar Yesenia, 'yar Beto, shekara goma sha biyar, babban bikin da mutanensu ke yi wa 'ya mace. An yi shekara ana shirin bikin nan. Ofelia ce uwar biki, ita ta sayi rigar, tun asuba ta tafi can ana gyaran yarinya. An yi hayar doguwar farar mota ta kai ta coci ƙarfe goma sha ɗaya, an shigar da motar har cikin harabar gidan ana ɗaura mata furanni.

Goma da rabi farar a-kori-kura ta bi bayan motar wani baƙo ta shige ƙofar ƙarfen unguwar. Anselmo ya yi baya da tirela daidai bakin harabar Beto, ya sauko, ya zare sakata, ya ɗaga ta. Gungumomin suka gangaro da rugugi suka toshe hanyar fita, ɗaya ya mirgina ya murƙushe tukwanen furen da aka jera. Masu kiɗa suka tsaya da garayunsu a hannu. Beto ya fito da baƙar kwat, fuskarsa ta yi ja.

"Ka haukace ne?"

"Gudummawata na kawo," in ji Anselmo, yadda kowa zai ji. "Bishiyar Misis Hallstrom ce. Aikinka ne, na ga bai kamata a yi shagali babu shi ba. Ku duba da kyau, jama'a, da irin wannan aka yi hayar motar."

Beto ya yi kansa, mutum uku suka riƙe shi. Wani ya ce a kira 'yan sanda, matar Beto ta ce kada wanda ya kira mata 'yan sanda ranar bikin 'yarta. Ana cikin haka Yesenia ta fito bakin ƙofa cikin rigarta mai ruwan hoda, ta ɗage gefenta da hannu biyu. Ta dubi itacen, ta dubi motar da aka toshe, sannan ta dubi Anselmo. Shi ne ya koya mata hawan keke tun kafin a ɓata.

"Kawu, ni me na yi maka?"

Anselmo ya juya baya. Ya maida sakatar tirela, ya shiga mota ya tafi. Maza sanye da kwat suka tuɓe suka yi ta mirgina gungumomi cikin rana, aka isa coci da latti na fiye da awa ɗaya, kwalliyar yarinya duk ta caɓe da kuka.

Ofelia ba ta koma gida ba ranar. Daga wurin bikin ta wuce Phoenix wajen babbar 'yarsu, ta yi wata uku. Anselmo ya yi ta cin waken gwangwani a tsaye, ya kuma gaya wa duk wanda ya tambaya cewa bai yi nadama ba. Sai dai maƙwabta sun ga ya saya wa yarinyar sarƙar zinariya ya aika ta gidan waya. Bayan mako ɗaya kunshin ya dawo ba a buɗe ba.

Da Ofelia ta dawo, ba ta zo da rarrashi ba. A lokacin hukuma ta fara ɗora ƙarin kuɗi a kan gidajen da ke wuce ƙima, gidansu kuma duk wata sai ya wuce. Ta ajiye jakarta, ta zauna a kujerar kicin, ta ce masa ya zauna.

"Anselmo, gidan nan da sunan mutum nawa aka saye shi?"

"Biyu."

"To shekara ashirin da shida na yi ina gyara gadon wasu don in biya rabina. Ciyawar hagu, daga hanyar siminti zuwa katanga, tawa ce. Na cike takarda, an zo an ɗauki hoto kana wajen aiki. Litinin mutanen Beto za su zo su tone ta."

Ya miƙe har kujera ta faɗi. "Ƙafar mutumin nan ba za ta taka mini ƙofar gida ba. In ya zo sai dai a fitar da gawar ɗayanmu."

"To ka tone da kanka. Ni dai ba ruwana da wanda ya riƙe shebur. Amma in Litinin ta yi ciyawar nan tana nan, ko su zo ko in koma Phoenix, ka zaɓa."

Ranar Lahadi, bayan coci, ya rufe famfunan gefen hagu. Bai fesa magani ba, ya ce ba zai ba ta guba ba. Da shebur ya bi ta yana yankawa falle-falle yana naɗewa kamar tabarma, gwiwa tana kumbura yana ɗaure ta da tsumma. Inda ya ci karo da saiwar rumman sai ya ajiye shebur ya sa hannu. Ya zagaye bishiyar da siririn tiyo mai ɗigo, zobe huɗu, har iyakar inda inuwarta ke kaiwa. Ya dasa nopal, wani tsiron hamada mai ƙaya da faɗin ganye irin na ƙauyensu, da wasu 'yan itatuwa masu jan fure, ya yi wa ƙasar tudu da kwari yadda in an yi ruwan sama zai tsaya a gindin tsirrai. Kwana goma sha ɗaya ya ɗauka, yana yi yana zagin Beto da uwar da ta haife shi, Ofelia tana leƙowa ta taga tana tuna masa cewa uwarta ce ita ma.

Matar da hukuma ta turo dubawa ta zagaya sau biyu da abin awonta, ta tsuguna ta tona tsakuwar ta ga zoben tiyon.

"Wane kamfani ne ya yi wannan?"

"Ba kamfani," in ji Anselmo. "Wanzami ne."

Ba ta gane ba, ta dai sa hannu. Gidan ya zama abin kallo a layin: dama kore shar, hagu tsakuwa da ƙaya, siminti a tsakani. Rumman kuwa ta yi 'ya'ya a shekarar fiye da kullum, abin da ya ƙara ɓata wa Anselmo rai, don Ofelia ba ta taɓa wuce bishiyar ba ta yi gyaran murya ba.

Maƙwabcin da ke fuskantarsu ne ya fara roƙonsa ya yi masa irinsa. Anselmo ya ƙi. Sai mutumin ya ce to bari ya kira Lugo, ai ya riga ya zo ya auna. Washegari da ƙarfe shida Anselmo yana ƙofar gidan da shebur.

Haka ya shiga sana'ar da ya yi shekaru yana tsine wa, yana da shekara sittin da uku. Bai buga allo ba, bai ɗauki ma'aikata da yawa ba. Abin da yake yi shi ne, in ya hango motar kamfanin Lugo a wani layi ana awo, sai ya jira ta tafi ya ƙwanƙwasa ƙofar. Ya cire hula, ya tambayi mai gidan shekarun bishiyarsa, ya nuna masa inda saiwarta ta kai, ya ce ya tambayi waɗancan zobe nawa za su yi mata. Sau da yawa aikin nasa yake zama. Ba wani abin kirki yake samu ba, don ƙasa da na Beto yake karɓa kuma ya fi shi daɗewa a kan aiki. Beto ma bai girgiza ba, motocinsa bakwai yanzu. Amma an ce ya tara ma'aikatansa ya yi musu faɗa, ya ce daga yau kowace bishiya a yi mata zobe, kada tsohon nan ya sake samun bakin magana. Ofelia ta taɓa kawo saƙo cewa Beto na neman wanda zai riƙa duba masa bishiyoyi, da albashi mai kyau. Anselmo ya ce ta gaya masa ya dafa albashin ya ci.

Haɗuwarsu ta baya-bayan nan a filin sayar da tsakuwa ce, wata safiya a watan Afrilu. Akwai wata tsakuwa mai ruwan zuma da mutane ke rububi, ga shi ta yanke, saura tari ɗaya, mai filin ya ce sabuwa ba za ta iso ba sai bayan mako uku. Anselmo ya riga isa, kwata ɗin tarin kawai yake buƙata. Yana tsaye ana rubuta masa takarda sai ga Beto ya shigo da sauri, yana waya yana yi wa wani alkawarin gama masa aiki ranar Juma'a. Kansa ya yi furfura, ga tumbi. Ya ga surukinsa, ya yi kamar bai gani ba, ya ce wa mai filin a loda masa sauran.

"Babu saura," in ji Anselmo. Ya juya ga mai filin. "Gyara takardar. Duka nake so."

"Don Anselmo, tirelarka sau huɗu za ta yi sawu," in ji mai filin.

"Ina da mai."

Beto ya kashe wayar. "Gida ɗaya kake yi a wata. Me za ka yi da tifa guda ta tsakuwa, ci za ka yi?"

"In ta kama."

"Suruki, mun fa tsufa."

"Kai dai ka tsufa. Matsa, ka tare mini hanya."

Sawu biyar ya yi, ba huɗu ba. Ya yi aikin da kwatan, sauran ya jibge a bayan gida, daidai inda Ofelia ke shanya. Tarin yana nan har yanzu, jikoki suna hawa suna gangarowa in sun zo hutu. Ofelia ta ce ya sayar ko ya bayar, mutum biyu ma sun taya. Kowannensu sai da Anselmo ya tambaye shi wa ya aiko shi, da amsar ba ta gamsar da shi ba ya ce ba ta sayarwa ba ce.